Michaelmas, Hilary da Trinity: asalin sunayen zangon jami'a da na kotun Ingila, da lokacin da kowanne ke kamawa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni lauya ce, shekarata uku da fara aiki, na sami gurbin digiri na biyu a fannin shari'a a jami'ar Oxford. A takardar da suka aiko mini an ce in iso a "mako na sifili na zangon Michaelmas", ba a faɗi wata ba balle rana. Sannan ina karanta wata tsohuwar shari'ar Ingila sai na ga "Trin." a gefen shekara, a jadawalin kotunsu na yanzu kuma na ga Hilary. Su wane ne waɗannan? Yaushe lokutan ke kamawa? Na jami'a da na kotu ɗaya ne? Kuma a gafarce ni, akwai wata ibadarsu da ke tattare da sunayen?

Amsa: Wa alaikumus salam, Barista. Barka da arziki, Allah ya sa a je lafiya a dawo da abin da aka je nema.

Bari in fara ba ki abin da za ki sayi tikitin jirgi da shi, dogon bayani ya biyo baya. Shekarar karatu a Oxford zango uku ce: Michaelmas daga Oktoba zuwa farkon Disamba, Hilary daga tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Maris, Trinity daga ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Yuni. Manyan kotunan Ingila kuwa zama huɗu suke yi a shekara, Michaelmas, Hilary, Easter da Trinity. Sunayen tushensu ɗaya, amma ranakun sun sha bamban. Lokacin da alƙalai ke buɗe Trinity ɗinsu a farkon Yuni, na Oxford saura mako biyu ko uku ya ƙare. Don haka duk inda kika ga ɗaya daga cikin sunayen nan, ki fara tambayar na wace hukuma ne, na wace shekara kuma, kafin ki sa alƙalami a kalanda.

Cikin waɗanda kika ce "su wane ne", ɗan Adam ɗaya ne tak. Michaelmas sunan biki ne, bikin tunawa da Mala'ika Mika'ilu da cocin yammacin Turai ke yi ranar 29 ga Satumba. Guntun "mas" na ƙarshe shi ne dai wanda ke ƙarshen sunan Kirsimeti a bakin Turawa, ma'anarsa babbar addu'ar da ake taruwa a yi a coci. Ki kula da furucin, don da shi ake gane baƙo: "Mikilmas" suke cewa. Ni na yi kusan wata guda ina ta "Maikelmas" kafin wani ya ji tausayina ya gyara mini.

Nauyin wannan rana a Ingila ta dā ya wuce bakin coci. Ƙarshen Satumba kaka ce a wurinsu, alkama da sha'ir sun shiga rumbu, manomi yana da abin biya a hannu. Tana cikin ranaku huɗu da suka raba musu shekara, 25 ga Maris, 24 ga Yuni, 29 ga Satumba da 25 ga Disamba. A cikinsu ake biyan hayar gona da ta gida, a ɗauki barori na shekara ko a sallame su, a warware bashi. Wakilan sarki na larduna ma a Michaelmas suke zuwa baitulmali su yi lissafin abin da suka tara. Duk wanda ya taɓa jin manomi ya ce wa mai binsa bashi "a yi haƙuri sai kaka" ya riga ya gane Michaelmas. Har yau akwai takardun hayar shaguna da ofisoshi a Ingila da kuɗinsu ke faɗowa a waɗannan ranaku huɗu, kuma idan aikin lauya ya kai ki kansu za ki sake gamuwa da sunan.

Hilary shi ne mutumin, kuma namiji ne, ko da yake a yau mata aka fi raɗa wa sunan. Bishop ne na garin Poitiers a ƙasar Faransa ta yanzu, ya rayu a ƙarni na 4, ya rasu wajen shekarar 367. Bai yi alƙalanci a Ingila ba, bai kafa musu makaranta ba. Sa'a ce kawai ta shigar da shi kalandar kotu: ranar tunawa da shi 13 ga Janairu ce, daidai ƙarshen kwanakin alfarma da ke biyo bayan Kirsimeti. A tarihin coci an san shi ne da kare aƙidar Triniti, wato aƙidar Kiristoci ta Allah ɗaya cikin uku, wadda wani zangon ke ɗauke da sunanta, amma wannan haɗuwa ce kawai ba shiri ba.

Easter da Trinity su ne marasa tsayayyar rana, su ne kuma masu dagula lissafi. Ista, kamar yadda Kiristocin ƙasarmu ke kiranta, tana kamawa ranar Lahadin da ta biyo bayan cikar wata ta farko daga 21 ga Maris. Lissafin ya haɗa tafiyar wata da ta rana, shi ya sa take yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu ba ta tsallake nan. Gabaninta akwai azumin kwana 40 da ake kira Lent. Bayanta da mako 7 sai wani bikin coci mai suna Fentikos, Lahadin da ke bin Fentikos kuma ita ce Lahadin Triniti, mako 8 cif bayan Ista, wato tsakanin 17 ga Mayu da 20 ga Yuni. Ista ce madugu, in ta matsa duk ayarin ya matsa. Ramadan yana zagaya shekara gaba ɗaya saboda lissafinsa na wata ne zalla, Lent kuwa a ɗaure yake tsakanin Fabrairu da Afrilu. Wani lokaci sukan haɗu: a 2026 farkon azumin biyu kusan rana ɗaya ne, wajen 18 ga Fabrairu.

To me ya kai kotu ga ɗaukar sunan biki? Nan ne zancen yake da daɗi, kuma da yawa ta baibai suke kama shi. Suna zaton an zauna ne an zaɓi lokutan aiki aka raɗa musu suna. Lokutan da ba a aiki aka fara cirewa, ragowar ta zama zango. A Turai ta wancan zamani coci ya hana shari'a da rantsuwa a kwanakin da yake ɗauka masu alfarma. Shari'ar lokacin kuwa a kan rantsuwa take tsaye. Mai ƙara ya rantse, wanda ake ƙara ya rantse, shaidu su rantse, mutum 12 da ake tarawa su faɗi gaskiyar magana su ma sai sun rantse. Hana rantsuwa daidai yake da sa wa kotu kwaɗo. Makonnin jiran Kirsimeti da bikin kansa suka cinye daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Lent da Ista suka ɗebi nasu, Fentikos ta ɗebi nata. Sannan gona ta zo ta ɗauki kaso mafi tsoka, tun daga lokacin yankan ciyawar da dabbobi za su ci da sanyi har a gama girbi. Ba wanda zai bar alkama tsaye a gona ya kama hanyar Landan don ba da shaida, alƙalan da lauyoyin su ma masu gandaye ne. Giɓi huɗu suka rage, kowanne aka kira shi da sunan bikin da ya gabace shi. Haka William Blackstone, masanin shari'ar Ingila da kika sha jin sunansa a aji, ya bayyana asalin abin a ƙarni na 18.

Ke nan sunan yana nufin "bayan biki kaza" ne, kamar yadda za ki ce wa mai ɗinki "bayan Sallah zan zo", ba tare da kin yanke rana ba. Tsofaffin sammacin kotun sarki ma da haka suke faɗin ranar bayyana: kwana 8 bayan Hilary, kwana 15 bayan Ista, da makamantansu. Shi ya sa babu mamaki zangon da ke ɗauke da sunan 29 ga Satumba ya riƙa matsawa gaba har ya koma Nuwamba. Dokar da majalisarsu ta yi a 1830 ta tsayar da ranakun kamar haka: Hilary 11 zuwa 31 ga Janairu, Easter 15 ga Afrilu zuwa 8 ga Mayu, Trinity 22 ga Mayu zuwa 12 ga Yuni, Michaelmas 2 zuwa 25 ga Nuwamba. Ki haɗa su, kwana 91 ne, har da Lahadi a ciki. Kashi ɗaya cikin huɗu na shekara ke nan manyan kotunan da ke zauren Westminster suke cikakken zama.

Kada ki ɗauka sauran shekarar barci alƙalan suke yi. A tsakanin zango da zango suke fita rangadi larduna, musamman a lokacin Lent da lokacin zafi, suna sauraren manyan laifuffuka da shari'o'in da aka tura can. Za ki ce ai na ce an hana rantsuwa a Lent. An hana, amma buƙata ta fi ƙarfin hanin: tun 1275 aka yi dokar da ta ba da damar sauraren wasu shari'o'in filaye a cikin kwanakin, da yardar bishop-bishop. Wannan rangadi ya daɗe ƙwarai, sai a 1972 ya ƙare, lokacin da kotun manyan laifuffuka ta Crown Court ta maye gurbinsa. Akwai kuma wata dabara ta tsofaffin lauyoyi da nake son ba ɗalibaina labarinta: a idon doka, zango guda rana ɗaya ne. Hukuncin da aka yanke a mako na uku ana lissafa shi kamar a ranar farko ta zangon aka yanke shi. Ki yi tunanin rigimar da hakan ke haifarwa idan mutum biyu suna bin mutum ɗaya bashi, kowa yana neman a fara biyansa.

"Trin." ɗin da kika gani Trinity ne a taƙaice. 'Yan'uwansa su ne "Mich.", "Hil." da "Pasch.", na ƙarshen daga Pascha, sunan Ista da Latin. Yawanci za ki gan su tare da shekarar sarauta maimakon shekarar miladiyya, kuma a nan ake zamewa. Ɗauki shari'ar Entick da Carrington, wadda duk ɗalibin dokar tsarin mulki ya sani: an yanke ta a Michaelmas na shekara ta 6 ta sarautar George III. Ya hau gado ranar 25 ga Oktoba 1760, don haka shekararsa ta 6 ta fara 25 ga Oktoba 1765, Michaelmas ɗinta Nuwamba 1765 ke nan. Amma Trinity na wannan shekara ta 6 ɗin a tsakiyar 1766 yake. Wanda bai san ranar hawan sarki ba zai iya kuskuren shekara guda cur, ya sa shari'ar da ta zo daga baya a gaban wadda ta riga ta.

Dokar sake fasalin kotuna ta 1873, wadda ta fara aiki a 1875, ta soke tsofaffin zangunan nan gajeru, ta kawo abin da ake kira zaman kotu, mai tsawo, amma ta bar sunayen. Ga yadda suke a yau. Michaelmas daga 1 ga Oktoba zuwa 21 ga Disamba. Hilary daga 11 ga Janairu zuwa Larabar da ke gaban Lahadin Ista. Easter daga Talata ta biyu bayan Ista zuwa Juma'ar da ke gaban hutun Litinin ta ƙarshe a Mayu. Trinity daga Talata ta biyu bayan wannan hutu zuwa 31 ga Yuli. In ranar farawa ta faɗo ƙarshen mako sai a matsa zuwa Litinin. Agusta da Satumba dogon hutu.

Ki duba abin da yawon Ista ke yi wa wannan tsari. A 2024 Ista ta kama 31 ga Maris, sai zaman Easter ya fara 9 ga Afrilu ya ƙare 24 ga Mayu, kwana 46. A 2025 ta kama 20 ga Afrilu, zaman ya fara 29 ga Afrilu ya ƙare 23 ga Mayu, kwana 25 kacal, Hilary ya cinye bambancin. A 2025 ɗin kuma zaman Trinity ya fara 3 ga Yuni alhali Lahadin Triniti sai 15 ga Yuni, wato zangon ya riga bikin da ya ara wa suna. Tun da aka ɗaura farkonsa a kan hutun gwamnati na ƙarshen Mayu, igiyar da ke tsakaninsa da coci ta tsinke, suna ne kawai ya rage.

Wannan jadawali ya shafi Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara ne, Kotun Ƙolin Birtaniya da ta fara aiki a 2009 ita ma tana bin sunayen huɗu. Kotunan majistare da Crown Court duk shekara suke aiki, ɓarawo ba ya hutun Agusta. A manyan kotunan ma akwai alƙalan da ake bari lokacin hutu don abin da ba ya jira, kamar neman umarnin dakatarwa na gaggawa. Idan karatu ya bar ki kika shiga Landan a farkon Oktoba, ki je ki ga buɗe shekarar shari'a. Alƙalai cikin jajayen alkyabbu da hulunan gashi suna taruwa a cocin Westminster Abbey, daga nan su tsallaka majalisa wajen liyafar da ake kira karin kumallon Lord Chancellor, wanda a yau shi ne ministan shari'a. Sunan ya samo asali ne daga zamanin da alƙalan ke zuwa addu'ar ba su ci komai ba, sai ya ciyar da su bayan an tashi. A dā a zauren Westminster ɗin kotunan suke, har aka buɗe babban ginin kotuna na titin Strand a 1882.

Yanzu mu dawo kan takardarki. Jami'o'in Oxford da Cambridge a hannun malaman coci suka tashi, kalandar coci suka tarar, ɗalibansu kuma 'ya'yan ƙasar noma ne, don haka hutu iri ɗaya ya yanka musu shekara. Oxford ma zango huɗu take da su a dā kamar kotu, daga baya aka haɗe Easter da Trinity suka zama ɗaya.

Abin da ke ruɗa sabon zuwa shi ne kalmar zango tana da ma'ana biyu a can. Akwai zango na ƙa'idar jami'a, wanda a Michaelmas yake farawa 1 ga Oktoba ya ƙare 17 ga Disamba, a Hilary ya fara 7 ga Janairu, a Trinity ya ƙare 6 ga Yuli. Wannan na hukuma ne, ba kasafai ɗalibi ke kula da shi ba. A cikinsa akwai cikakken zango, mako 8, lokacin lacca da ganawa da malamai, kuma shi kowa ke nufi in ya ce zango. Yana farawa ranar Lahadi ya ƙare ranar Asabar. Na Michaelmas yawanci Lahadi ta biyu a Oktoba yake farawa. A 2025, misali, daga 12 ga Oktoba ne zuwa 6 ga Disamba. Mako 8 sau uku, mako 24 cikin 52. Mutane kan ji haka su ce ashe hutu ya fi karatu yawa. Wanda ya zauna a ciki ba ya faɗin haka. An matse aikin wata huɗu ne cikin wata biyu, hutun kuma na karanta abin da aka jibga miki ne.

Makonnin da lamba ake kiransu, kuma da su ake yin komai. Ba za a ce miki ki kawo aiki ranar 6 ga Nuwamba ba, za a ce Alhamis ta mako na 4. Makon da ya gabaci na 1 shi ne mako na sifili da aka rubuta miki, makon karɓar sababbin ɗalibai, rajista, katin ɗakin karatu, zagayen gari. Wanda ya gabace shi ana ce masa mako na ɗaya ƙasa da sifili, wanda ya biyo bayan na 8 kuma mako na 9, a haka har na 10. Za ki ga MT, HT da TT a saman takardu, taƙaicen zangunan uku ne. Bikin shigar da ku rajistar jami'a, cikin baƙar riga da farar taguwa, a ƙarshen mako na 1 na Michaelmas ake yinsa. Manyan jarrabawa galibi a Trinity suke, a mako na 5 na Trinity ake tseren kwale-kwale tsakanin kwalejojin da suka haɗu suka zama jami'ar, ranar Laraba ta mako na 9 kuma bikin ba da digirin girmamawa.

Akwai kuma ƙa'idar da suke kira riƙe zango, wadda ya kamata ki sani tun kafin ki kama haya. Ba a ba da digirin sai an kwana a garin, aƙalla mako 6 a kowane zango. Ɗalibin digirin farko ba ya wuce mil 6 daga Carfax, mahaɗar tituna da ke tsakiyar gari, ku na gaba da digiri kuma mil 25. Wanda ya yi niyyar zama wurin 'yan'uwa a Landan yana shigowa lacca sai ya nemi izini tukuna, don Landan ta wuce wannan iyaka nesa.

Cambridge tana da nata salon, kamar kullum in ana zancen su biyu. Zangunanta Michaelmas, Lent da Easter. Abin da Oxford ke kira Hilary shi ne Lent a can, abin da take kira Trinity shi ne Easter, ko da yake bayan Ista yake zuwa gaba ɗayansa. Cikakken zangonsu ranar Talata yake farawa ya ƙare Juma'a, lacca kuma Alhamis take farawa, don haka makon karatunsu daga Alhamis ne zuwa Laraba. Iyakar kwanan ɗalibin digirin farko mil 3 ce daga cocin Great St Mary's. Shagulgulan ƙarshen shekara da suke kira Makon Mayu kuwa a watan Yuni ake yinsu, bayan jarrabawa. An matsar da bikin, ba a taɓa sunan ba.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Durham tana da Michaelmas, Epiphany da Easter, na tsakiyan daga bikin 6 ga Janairu. Kwalejin Trinity ta Dublin tana bin sunayen Oxford, kotunan Ireland kuma suna bin sunaye huɗun kotun Ingila. St Andrews a Scotland tana kiran zangunanta biyu Martinmas da Candlemas, daga bukukuwan 11 ga Nuwamba da 2 ga Fabrairu, waɗanda su ma a dā ranakun biyan haya ne a can. Saboda haka rana ɗaya a Fabrairu tana iya zama Hilary, Lent, Epiphany ko Candlemas, gwargwadon garin da kike. Makarantar sakandare ta Eton ta fi kowa ban dariya, tana kiran kowane zango "rabi", kuma rabi uku ne a shekararta. Yawancin jami'o'in Birtaniya dai ba ruwansu da wannan duka, zango na ɗaya da na biyu suke cewa ko su kira su da yanayi. A 2023 makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan, wato LSE, ta ajiye Michaelmas da Lent ta koma sunayen yanayi, tana cewa ɗalibanta daga ko'ina suke, aka yi ta ce-ce-ku-ce a jaridu. Ni ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba ta kowane ɓangare. Sabon sunan ya fi sauƙi ga baƙo, tsohon kuma yana ɗauke da tarihin da sabon ba shi da shi, amma dukansu sai kin duba jadawali kafin ki san ranar.

Ke da kika wuce ta makarantar horar da lauyoyi ta Najeriya kin riga kin ci gādon wannan tsari, da cokali ma. A Landan akwai ƙungiyoyin lauyoyi huɗu, Lincoln's Inn, Gray's Inn, Inner Temple da Middle Temple, ta hannunsu ake zama barista. A can ma akwai riƙe zango, amma da cin abincin dare a zauren ƙungiya ake riƙe shi. Asalinsa a zauren ake koyarwa, ƙarami ya zauna kusa da babba, bayan an ci a yi muhawarar shari'a ta gwaji. Da koyarwar ta lalace a ƙarni na 18 sai cin abincin ya rage shi kaɗai, har ana zolayar cewa da ciki ake zama lauya. Yanzu sun mayar da shi zaman horo iri-iri, amma bukukuwan shigar da sababbin lauyoyi har yau da sunayen zangunan ake kiransu. Kafin dokar 1962 da ta kafa makarantarmu, can 'yan Najeriya ke zuwa. Christopher Sapara Williams, na farkonsu, a Inner Temple aka shigar da shi a watan Nuwamba 1879, zangon Michaelmas ke nan. Liyafar cin abinci uku da aka wajabta muku kafin a rantsar da ku daga nan ta fito.

Sunayen huɗu ba mu amfani da su a kotunanmu na yau, amma ƙashin bayan tsarin yana nan: hutun Kirsimeti, hutun Ista, dogon hutu daga wajen ƙarshen Yuli zuwa Satumba, sannan bikin sabuwar shekarar shari'a da addu'o'i a masallaci da coci. Abin da ke ba ni dariya shi ne dogon hutun an yanka shi ne don girbin alkamar Ingila, mu kuwa a tsakiyar damina yake same mu, gero ko kai bai gama fitarwa ba. A wannan fanni jami'o'i irin su Obafemi Awolowo ta Ile-Ife sun fi mu dabara, da suka kira zangunansu biyu da sunan hunturu da damina.

Game da tambayarki ta ƙarshe, babu abin neman gafara. Ba wata ibada da ake nema daga ɗalibi saboda sunan zango. Kwalejoji da yawa suna da ɗakin ibada na Kirista, shigarsa ganin dama ne, kuma tun 1871 aka soke sharaɗin addini ga masu karɓar digiri a fannonin da ba na tauhidin coci ba. A liyafar kwaleji akan karanta gajeriyar addu'ar abinci da Latin, mutane su miƙe tsaye, ba a tambayar kowa ya amsa. Sunan da kansa, a ganina, matsayinsa ɗaya da Janairu da Maris da muke rubutawa kullum a kan takardun kotu, alhali daga sunayen gumakan Rumawa Janus da Mars suka fito. Wannan ra'ayin lauya ne. In zuciyarki ba ta kwanta ba, malaminki ya fi ni hurumin magana.

Abin da za ki yi yanzu: ki buɗe shafin jami'ar na ranakun zango, ki nemo Lahadin mako na 1 na Michaelmas na shekararki, ki ja baya kwana 7, kin sami farkon mako na sifili. Sannan ki rubuta wa sashenku da kwalejinki ki tambayi ranar da suke son ganinki, don wasu kwasa-kwasan digiri na biyu suna fara gabatarwa tun ƙarshen Satumba, kuma ranar sashe ita ce abin bi. Kada ki sayi tikitin dawowa gida a kan Asabar ta mako na 8 sai kin ga ranakun miƙa ayyuka, sau da yawa suna faɗawa mako na 9 ko na sifilin zango mai zuwa. Ki tafi da rigar sanyi mai kauri tun daga gida ko ki saya a makon farko. Kafin Michaelmas ya ƙare za ki ga rana ta faɗi ƙarfe 4 bai cika ba, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna a cikin sa'o'i huɗu, don haka ki duba jadawalin laccarki da wannan a zuciya.